Baƙin Tabarau a Farautar Sabuwa

Shekarar da gwamnati ta ba ma'aikata kuɗin ariyas, har masinjan ofis ya sayi babur, mai gadi ya sayi rediyo mai cin batir shida, ita ce shekarar da muka yi farautarmu ta ƙarshe tare da mutanen Kankara. Ban riƙe lambar shekarar ba, don lokacin ban san lamba ba, sai da furfura ta fito mini na zauna a aji na koyi riƙon alƙalami. Amma duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san shekarar da nake nufi. Kuɗi sun shigo ƙasa ta ko'ina. A Sheme, in ka tsaya bakin hanya, tifa ce ke bin tifa daga safe har yamma, masu shayi sun ƙaru, mahauta suna yanka sa biyu inda da ɗaya ke kwana. Samarin ƙauyenmu, wanda ke cikin ƙasar Faskari, tafiyar hantsi daga Sheme, suka jingine fartanya suka tafi leburanci wurin masu aikin hanya. Ni ma ina cikinsu. Na yi wata bakwai ina zuba tsakuwa, na dawo gida da bazara ɗauke da akwatin ƙarfe, da wando mai faɗin ƙafa, da baƙin tabarau.

Gidanmu gida ne da ba a yawan magana. Baba shi ne sarkin dawan ƙauyenmu, wato shugaban mafarauta, kuma yakan yini bai furta kalma goma ba in ka cire gaisuwa da salla. Ba fushi ba ne, ba kuma girman kai ba. Daji ne ya koya masa, inda tari ɗaya ke korar naman da aka yini ana bi. Mu 'ya'yansa da ido aka raine mu. In baƙo na cin tuwo ka tsaya kana kallon hannunsa, Baba ba zai ce maka komai ba, zai dube ka, ya dubi ƙofar zaure, kai da kanka za ka tashi. In ya yi gyaran murya sau ɗaya a ƙofar gida, mata su gyara lulluɓi, akwai baƙo tare da shi. In ya tura hularsa baya ya shafa goshi, zancen da ake yi bai kwanta masa ba, mai hankali ya canza magana. A gona in ya miƙe ya dubi rana ya dube ni, na san in je gindin kaɗanya in ɗauko goran ruwa. Inna ta fi kowa iya karanta shi. Daga yadda ya jingine gorarsa a bango take sanin ko ya samo nama ko ta kaɗa kuka kawai. Ita ma tana da nata. In ta ajiye masa akushi da ƙarfi har murfin ya yi ƙara, ya san akwai abin da ke cinta. Zai ci tuwonsa a natse, ya wanke hannu, ya shiga ɗakinta, su fito sun daidaita, mu ba mu ji komai ba.

A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba, na zaci kowane gida haka yake. Yanzu in na dubi ɗana, sai ya ɗago daga kan wayarsa ya ce, "Baba, lafiya kake kallona?" Sai na buɗe baki na faɗa, wani lokaci sau biyu. Ba laifinsa ba ne. Ana koyon wannan abu ne ta hanyar zama kusa da mutum shekara da shekaru, kuna noma kunya ɗaya, kuna cin kwano ɗaya, har ka san bambancin shirunsa na gajiya da shirunsa na ɓacin rai. Yanzu wa ke da wannan zaman.

Mutum ɗaya ne ke cika gidanmu da surutu, shi ne Kawu, ƙanen Inna. Gidansa na jikin namu, amma a zaurenmu yake yini. Shi ke riƙe karnukan farauta, kuma yana yi musu hira kamar mutane. Baba yakan saurare shi yana sassaƙa ƙotar gatari, in abin dariya ya zo sai ka ga gefen gemunsa ya motsa. Kawu yakan ce wannan motsin gemu ya fi masa ƙyaƙyatar mutum goma.

Kowace bazara, bayan an gama sussuka an rufe rumbuna, kafin ruwan shuka ya sauka, mu da mafarautan wani ƙauye na ƙasar Kankara mukan haɗu mu shiga dajin da ke yamma da Sabuwa. Shugabansu aminin Baba ne tun suna samari, ana ce masa Baba Mai Ƙaho don shi ke busa ƙahon shiga daji da na fita. Ba a aika takarda, ba a aika dogon saƙo. Zai aiko da karan kibiya ɗaure da zare mai ƙulli, ƙulli nawa kwana nawa ya rage. In sun haɗu su biyun, su gaisa, su zauna gindin itace rabin yini suna kallon wuri ɗaya, su tashi kowa ya gamsu an yi hira.

Farauta tana da ƙwace, kowa ya sani. Nama zai faɗi, mutum biyu kowa ya ce shi ya kashe. Dattawanmu sun hana a yi gardamar da baki, don sun ce baki ke kawo zagin uwa, zagin uwa kuma ke kawo ƙarfe. Wanda ke ganin nasa ne ya ɗora ƙafa a kan naman. Ɗayan in ya haƙura ya juya baya ya tafi. In bai haƙura ba ya ɗaga gorarsa sama. Sai a yi da'ira, kowa ya cire adda da wuƙa da barandami, ɗan gatarin nan na faɗa, a tara su gefe guda, su biyun su gwada da gora kawai. Wanda ya ji ya ishe shi sai ya saki gora, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya zuba a kafaɗarsa. Daga nan jikinsa ya haramta, ko tsinke ba a taɓa shi da shi. Kuma da yake mai faɗa jini kan hau masa kai, shugabansa zai buga gindin gora a ƙasa sau ɗaya ya kama idonsa. In idon shugabanka ya shiga naka, hannunka ya mutu. An sha fasa kawuna, an sha karya yatsu, amma tun zamanin kakanni ba a taɓa ɗauko gawa daga faɗan nama ba.

Safiyar da za mu tafi na fito riƙe da mashina na farauta da gorata, tabarau a fuska. Kawu na ɗaure karnuka, ya ɗago ya dube ni.

"Tanko, ashe makancewa ka yi a wurin aikin? Mu nemo maka ɗan jagora?"

"Na maganin rana ne, Kawu. Turawan kamfani duk shi suke sawa."

"To gwanki ma Bature ne? Cire abin ga, nama shi ga wanda ya kashe shi. Ko karen nan ya kasa gane ka, dubi yadda yake shinshinar wandonka."

Muna cikin haka Baba ya fito. Ya tsaya gabana ya nemi idona yadda ya saba, bai samu ba, sai fuskarsa ya gani a cikin gilashin. Ya miƙo hannu ya buɗe tafinsa. Na san abin da yake nufi sarai: kawo. Sai na sunkuya kamar ina gyara maɗaurin takalmi. Hannun ya daɗe a buɗe a saman kaina. Sannan ya rufe shi, ya ɗauki gorarsa ya yi gaba. Baba ba ya tambayar abu sau biyu. Na samo zare na ɗaure tabarau ɗin ta ƙeya don kada ya faɗi in ana gudu.

Da ƙafa ake zuwa a da, kwana biyu. Shekarar nan samari muka ɗauki babbar mota ta sauke mu kusa da Sabuwa, karnuka na amai a bayanta. Mutanen Kankara sun riga mu isa. A cikinsu akwai Ɗanlami, ɗan Baba Mai Ƙaho, sa'ana ne. Tun muna bin manya da salkar ruwa muke haɗuwa duk shekara, mu dama fura a ƙwarya ɗaya, mu yi kokawa, mu rabu sai wata bazara. Dogo ne, mai yawan dariya, gwanin baka. Yana hango ni ya cire hula ya rusuna.

"Ranka shi daɗe, Bature. Ina ka baro motarka?"

"Kai dai har yanzu warin akuya kake yi."

"Akuyar ubana ce. Kai tsakuwar wa kake ɗauka?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na dawo ina jin na fi su, ga shi ba wanda ya gani.

Da hantsi aka busa ƙaho muka shiga. Wanda bai ga dajin nan a lokacin ba ba zai yarda ba. Maɗaci da ƙirya da marke sun haɗe sama, ganye busasshe har idon sawu, zabi na tashi garke garke. Mun jeru mun fi mutum ɗari, tsakanin kowa da kowa jifa ɗaya, kuma ba ka jin muryar ɗan Adam. Sai ƙarar ganye, da haki na karnuka, da kukan kurciya. Ido na kan Baba. In ya kifa tafinsa ƙasa, duk layin ya tsuguna. In ya ɗora yatsu biyu a gefen kai, nama mai ƙaho ne a gaba. In ya zagaya hannu, na gefe su rufe. Saƙon na bin layi daga hannu zuwa hannu har ƙarshe, ya fi ihu sauri. Kafin rana ta take mun samu gada huɗu da zomaye da ba a ƙirga ba.

Wajen azahar, a wata busasshiyar ƙorama, gwanki ya fashe daga cikin duhuwa. Babba ne, ya kusa doki, ƙahonsa ya lanƙwasa baya. Ta gabana ya biyo. Na jefa mashi ya shige bayan kafaɗarsa, a daidai lokacin kibiyar Ɗanlami ta same shi a wuya. Ya yi gudu kaɗan yana jan mashin, ya faɗi gindin wani marke, wani dattijo ya yi sauri ya yanka. Har yau ban san wanda ya kashe shi a cikinmu ba. Mun iso tare, amma ƙafar Ɗanlami ta fi tawa tsawo. Ya ɗora ta a kan cinyar naman yana murmushi. Da wata shekara ce da na juya baya, don na san da yamma zai aiko mini da cinya. Na ɗaga gorata.

Aka yi da'ira, aka tara ƙarafa gindin marken. Baba ya tsaya ta hagu da ni, Baba Mai Ƙaho ta can gefen. Muka fara zagaya juna. Gora in ta haɗu da gora ƙararta na shiga har haƙori. Ya kawo ta sama na tare, na kai masa a haƙarƙari ya goce. Ya same ni a cinya, na same shi a kafaɗa. Shi wasa yake yi, ina gani, yana ɗaga gira yana yi wa mutanensa inkiya. Ni kuwa gumi na gangarowa ta ƙarƙashin gilashi, numfashina ya fara guntulewa, wata bakwai na shan taba da shayi sun fito. Sai ya yi kamar zai kawo ta ƙafa, na sauke gorata, ya juya tasa ya ba ni a baki. Na ji abu ya ɓalle. Na tofar, haƙora biyu suka faɗo cikin jini a kan ganye.

Wani daga cikin mutanensu ya ce, "Bature ya fara sauke tsakuwa."

Dariya ta zagaye da'irar, har da namu. Na ji muryar Kawu a ciki. Daga nan ban ƙara jin zafin baki ba. Na shiga jikinsa ba tsari, ya buge ni sau biyu ban tsaya ba, na same shi a wuyan hannu, gorarsa ta yi tsalle ta faɗi can. Ya dubi hannun, ya dube ni, ya tsuguna. Ya ɗebi ƙasa da hagunsa ya zuba a kafaɗa. Yana haki yana dariya ya ɗago kai ya ce, "Ɗauki namanka, wawulo."

Gindin gorar Baba ya bugi ƙasa, sau ɗaya. Na ji shi har a tafin ƙafata. Ban juya kai ba, idona kawai na juya ta cikin gilashin, na gan shi, taku goma daga inda nake. Ya ɗan sunkuyo gaba, idonsa na neman nawa, yana yawo a kan baƙin gilashin bai samu wurin shiga ba. Na gane ba wanda ya san inda nake kallo. Na mai da idona kan Ɗanlami. Na ɗaga gora da hannu biyu na sauke kanta mai ƙulli a saman kunnensa na hagu.

Ƙarar ta yi kama da ta kabewa in ta faɗo daga kan danga. Ya kife a gefe, ƙafarsa ɗaya na shure ganye, jini na fitowa ta kunne da hanci, ƙasar da ya zuba tana nan a kafaɗarsa. Ba wanda ya taɓa ganin an bugi mutumin da ya ɗebi ƙasa, mutane ba su san abin da ake yi bayan haka ba. Sai wani ɗan'uwan Ɗanlami ya juya ya ruga gindin marke inda ƙarafa suke, kowa ya bi.

Abin da ya biyo baya bai kai tsawon dafa shayi ba, amma na fi shekara arba'in ina ganinsa. Mutanen da suka sha ruwa a salka ɗaya da safe suka shiga saran juna. Ba layi, ba shugaba, ba wanda ke kallon hannun kowa. Na ga an sare wa wani kunne yana riƙe da shi yana gudu. Na ga mutum biyu a ƙasa suna shaƙe juna, kare na cizon ɗayan a ƙafa. Kawu ya shiga tsakiya hannunsa biyu a sama, ba ko sanda, yana magana kamar kullum, "Ku tsaya mana, yara ne, ku bari manya su," barandami ya same shi tsakanin wuya da kafaɗa, bai ƙarasa ba. Ya zauna a ƙasa yana kallon rigarsa. Wani namu ya saki kibiya mai dafi, ta shiga cikin wani saurayi na Kankara da gemunsa bai gama fitowa ba. Ni ina tsaye inda nake, gora a hannu, na kasa motsi. Ɗan'uwan Ɗanlami ya iso kaina da adda ya kawo sara. Baba ne ya sa hannunsa na dama ya tare. Addar ta tafi da yatsunsa uku. Bai yi ƙara ba, ya riƙe mutumin da hagu ya rungume shi a ƙirji har ya daina fizga.

Ƙaho ne ya tsayar da abin. Baba Mai Ƙaho ya busa na fita daji, ya yi ta busawa ba hutu har jijiyoyin wuyansa suka miƙe, har hannaye suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya durƙusa ya ɗora kan ɗansa a cinyarsa. Baba ya je gabansa, jini na ɗiga daga hannunsa, ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa a gaban amininsa. A wurinmu babu ban haƙurin da ya wuce wannan. In an karɓa, sai a ɗauki hular a mayar maka a kai. Baba Mai Ƙaho ya dubi hular ya daɗe. Sai ya cire ƙahon daga wuyansa, ya ɗora a kan dutse, ya ɗauki gora ya fasa shi. Ba su sake haɗuwa ba har suka bar duniya.

Muka sare itace muka ɗaure makara uku. Kawu ya cika kafin mu fita daga ƙoramar, saurayin nan kafin la'asar. Ɗanlami na numfashi, aka tare mota a hanya aka tafi da shi asibiti. Gwankin muka bar shi inda yake da mashina a jikinsa, ungulaye sun riga sun cika marken. Da muka doso gida washegari, Inna na tsaye a ƙofa. Kullum muryar Kawu ce ke riga mu isowa. Da ta ga mutane na tahowa ba ta ji ta ba, sai ta zauna a dokin ƙofa ta rufe kanta da zane.

Bayan sadakar uku, da hantsi, Baba ya zauna a zaure hannunsa naɗe da tsumma, ya sa aka kira ni. Na tsuguna nesa da shi.

"Tanko, ka gan ni?"

"Ban gan ka ba, Baba. Gumi da jini sun rufe gilashin."

"Gora fa, ka ji ta?"

"Ban ji ba. Dariya ta yi yawa."

"Ƙasar da ya ɗiba?"

"Hannuna ya riga ya taho."

Ya dube ni. Ba gilashi a fuskata ranar, na jefa shi a masai tun a daren farko da muka dawo. Ya duba har ya ga abin da yake nema. Ya ce, "To."

Abin da na faɗa a gaban alƙali ke nan, kuma mutane suka yarda, don ba wanda ya ga idona. Har wasu na cewa laifin tabarau ne, kayan Turawa ba su dace da daji ba. Aka ɗaure ni shekara biyu, waɗanda suka yi sara da harbi suka fi ni daɗewa. Da na fito na dawo gida na kama noma, ban sake komawa aikin hanya ba. Ranar farko a gona, rana ta take, ina jira Baba ya miƙe ya dube ni. Ya miƙe, ya dubi gabas, ya ce, "Tanko, je ka gindin kaɗanya ka ɗauko goran ruwa." Haka ya ci gaba. "Tanko, baƙo ya zo, ka ba mu wuri." "Tanko, gobe za a kai taki, ka ɗaure jakai." Cikakkiyar magana, a natse, ba faɗa, irin wadda ake yi wa ɗan ƙodago. Ƙannena kuwa yana nan yana juya su da ido, ina zaune ina ganin saƙo na wucewa ta gabana. Maƙwabta suka ce ɗauri ya sa Baba ya ji tausayina, ga shi yanzu har hira yake yi da ni. Ni na san abin da aka yi mini. Mutumin da ya ga ido ya ce bai gani ba, da baki ake yi masa magana. Shekara goma sha ɗaya muka yi haka. Ranar da zai rasu ina zaune kusa da kansa da rana tsaka, na sunkuya na sa fuskata inda dole ya gan ni. Ya dubi bango ya ce, "Tanko, gyara mini matashi."

Ɗanlami bai mutu ba. Ya tashi bakinsa a karkace, hannun dama a shanye, kuma magana ta tafi gaba ɗaya. Ina jin labarinsa daga nesa, na daina cin kasuwar Kankara saboda shi. Sai bayan rasuwar Baba da 'yan shekaru, na koma kasuwar sayen shanun huɗa, na shiga layin masu igiya, na ɗaga kai na gan shi zaune a rumfar ƙanensa. Ya rame, gemunsa ya yi fari ta gefe ɗaya. Ya gane ni kafin in juya. Na yi sallama, ya amsa da kai. Na tsuguna a ƙasa, ban hau tabarmar ba.

Ya ɗaga hagunsa ya zana da'ira biyu a fuskarsa, wato tabarau. Ya nuna ƙasa, ya nuna kansa, ya sunkuyar da kai ya leƙo sama, yadda mai tsuguno ke kallon na tsaye. Sai ya nuna ni, ya juya ƙwayar idonsa gefe a hankali, ya tsayar, ya dawo da ita kaina. Ban taɓa tunanin haka ba. Duk da'irar nan gilashi suke gani, shi kaɗai ne a ƙasa, ta ƙarƙashin gilashin yana ganin idona. Ya ga na dubi Baba, ya ga na dawo. Ya ɗauki wannan shi kaɗai duk shekarun nan, ba bakin faɗa, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Ya tsaya yana jira. Ƙanensa na can yana ciniki da wani, ba wanda ke kallonmu. Na gyaɗa kai.

Ya saki dogon numfashi. Ya dube ni ya daɗe, ba dariya, ba hawaye. Sannan ya kaɗa bayan hannunsa sau ɗaya: tafi. Ba yafiya ba ce, na san yafiya in na gan ta. Yana so ne mutum ɗaya ya tabbatar masa abin da ya gani ya faru. Na tashi na tafi. Ya rasu damina biyu bayan haka.

Yanzu dajin nan ba ya shiguwa. Waɗanda ke ciki suna zuwa a kan babura, fuskokinsu naɗe da rawani, ba ka ganin komai balle ka roƙa. Ana ba da labarin mutum ya tsuguna ya ɗaga hannu biyu an harbe shi a haka. In ana zancen a majalisa, sa'o'ina kan ce yaran yanzu ne ba su san alamar saranda ba, a zamaninmu ba a taɓa wanda ya kai ƙasa. Ni dai nakan gyara zama.

Ga abin da ya tafi a yinin nan. Rai biyu, Kawu da yaron Kankara. Bakin Ɗanlami da hannunsa na dama. Yatsun Baba uku. Kunnen mutum ɗaya. Ƙaho ɗaya. Amincin shekara talatin tsakanin dattawa biyu, da farautar ƙauye biyu. Gwanki ɗaya da ba wanda ya ci. Haƙorana biyu. Da idon Baba, shekara goma sha ɗaya.